Gidan da Cikinsa Ya Fi Wajensa Tsawo

Akwai wuni ɗaya a rayuwata da na san ba zai fita daga raina ba har ranar da za a ɗauke ni. Ba ranar aurena ba ce, ba kuma ranar da maigidana ya rasu ba, duk da ita ma tana nan inda take. Rana ce da wani baƙo ya zo duba gidanmu a Haɗejiya, ya wuni yana dubawa, ya tafi bai ga fuskata ba, ni kuma abin da na gani nasa bai wuce bayan rigarsa ba.

Zamanin Turawa ne, saura 'yan shekaru su tafi. Maigidana, Allah ya jiƙansa, dillalin wani kamfaninsu ne. Kayan kamfanin, su atamfa da akoko da gishiri da sabulu, ana sauke su daga jirgin ƙasa a Malam Madori, a kawo a jibge a shagon da ke jikin zaurenmu, daga nan 'yan kasuwa su saya su shiga da su ƙauyukan fadama. Kamfani yana biyan hayar shagon. Da maigidana ya kwanta ciwon da bai tashi ba, aka ba wani dillancin, amma kaya suka ci gaba da kwana a shagonmu. Da wannan haya nake ciyar da kaina da 'ya'yana mata biyu.

Ina cikin takaba, ban ma kai rabi ba, sai saƙo ya zo cewa kamfani ya yi sabuwar doka: duk gidan da kayansa ke kwana sai an yi masa inshora. Ban taɓa jin kalmar ba. Aka yi mini bayani cewa wasu mutane ne a Kano, ana ba su wani abu duk shekara, in wuta ko ruwa ya ci kaya su biya. Amma ba sa karɓar gida sai sun aiko an duba shi, kuma mai gida ne ke biyan kuɗin dubawar. In suka ce ba sa so, kamfani zai kwashe kayansa ya kai wani wuri. Gidanmu kuwa yana gefen gari ta wajen kogi. Da damina, in ka tsaya a ƙofarmu, kana jin masunta suna kiran juna.

Mutum biyu ne a tare da ni a lokacin. Akwai Goggo, ƙanwar mahaifina, wadda ta taso daga Kirikasamma don ta taya ni zaman takaba. Tsohuwa ce mai son mutane, sai dai kunnenta ya yi nauyi. Akwai kuma wan maigidana, wanda nake kira Yaya, manomi ne a Kaugama, shi ne ya zama uban yaran. Yaya ba mugun mutum ba ne, ina so a san wannan tun yanzu. Amma ya riga ya yanke a ransa cewa da na fita takaba zai rufe gidan nan ya kwashe mu zuwa Kaugama, inda idonsa zai riƙa ganinmu. Abin da ya hana shi faɗa da ƙarfi shi ne hayar shago. In haya ta tafi, ba ni da sauran abin cewa. Ni kuwa ban iya tunanin in farka da safe a wani tsakar gidan da maigidana bai taɓa takawa ba.

Mai dubawar ya iso da hantsi, cikin zafin bazara. Ina zaune a bayan ƙofar zaure ta ciki, ina jin duk abin da suke faɗa da Yaya. Muryar dattijo ce, mai sanyi, Hausarsa irin ta mutanen Lakwaja. Bayan ya yi ta'aziyya, ya sha ruwa, sai ya ce, "Maigida, duba iri biyu ne. Akwai na tsaye, akwai na zaune. Na tsaye, in tsaya a ƙofar gida, in dubi bango, in dubi nisan kogi, in rubuta, in koma in tarar da jirgin yamma. Kuɗinsa kaɗan ne. Na zaune kuwa sai na wuni, jirgi ya tafi ya bar ni, in nemi wurin kwana. Kuɗinsa ya ninka wancan har uku."

Yaya ya ce, "To ai ba sai an yi dogon zance ba. A yi na tsaye."

"Ba laifi. Amma gara in gaya maka gaskiya, in na tsaye ne na riga na gama tun ina kan hanya. Na ga kogi."

"To rubuta abin da ka gani, Malam. Ruwa da wuta duk na Allah ne."

"Haka ne. Ni ma ba su aka aiko ni in duba ba, bango aka ce in duba."

Nan take na gane abin da za a rubuta. Ina da tunkiya ɗaya da na daɗe ina kiwo, tana ɗaure a gindin bishiyar darbejiya. Na jawo Goggo na sa baki a kunnenta na ce ta je ta ce na zaune nake so, a sayar da tunkiyata a biya. Goggo ta ja zane ta leƙa zaure ta ce, "Wai ta ce a zauna."

Yaya ya ce, "Goggo, ai a zaune muke."

Sai da ta dawo na sake maimaita mata kafin saƙon ya isa daidai.  Sai Yaya ya ce, "Tunkiyarta ce, ba zan hana ta ba. Amma Malam, matar ƙanena tana takaba. Babu baƙon namijin da zai taka cikin gidan nan, ko da za ta shige ɗaki ta rufe. Ka duba shago, ka duba zaure, ka zaga waje. Iyakarka ke nan."

Na ɗauka magana ta ƙare, don shagon bangonsa na baya a tsakar gidanmu yake, kuma abin da mutumin ke son gani duk yana ciki. Amma bai yi gardama ba. Ya ɗan yi tari ya ce, "Na ji, kuma daidai ne. Uwargida tana da taɓarya? Tana da basilla? To ita za ta zama idona da hannuna. Ni kunne kawai zan kawo."

Haka muka fara. Yana waje yana bin bango, ina ciki ina bin sa. Da farko Goggo ce ke kai magana tana kawowa, har ya ce a duba masa azara, ta zo ta ce mini baƙo yana son masara. Na ji Yaya ya yi tsaki yana danne dariya, ya ce, "Malam, yi magana ta kan katanga. Ke kuma ki amsa da ƙaramar murya, abin da aka tambaye ki kawai."

Sai mai dubawar ya ce, "Uwargida, buga nan, daidai gwiwarki." In buga da taɓarya. "Ƙara sama." In ƙara. Shi kuma ya manna kunnensa a ɗaya gefen yana saurare. Ya ce bangon da ruwa ya ci cikinsa kukansa daban ne, kamar an buga ƙwarya, mai lafiya kuwa amsawa yake gajere ya yi shiru. Muka bi bangon shago, muka bi katangar gabas, muka bi ta baya. Ya sa na hau turmi na soka basilla a kowace azara ta ɗakin da ke jingine da shago, in gaya masa ko ta shiga ko ta tsaya, ko gari ya zubo. Ba ta shiga ko ɗaya ba, gara ba ta taɓa su ba. Ya tambayi inda murhu yake, da inda nake tara itace, da inda nake ajiye kananzir. Ban taɓa sanin ana yi wa gida tambayoyi haka kamar mara lafiya a gaban likita ba.

Da ya ce zai hau soron shago ya duba rufi da indararo, Yaya ya miƙe tsaye, don daga can sama ana ganin tsakar gida sarai. Mutumin ya ce, "Kwantar da hankalinka, Maigida." Ya hau tsani ya juya wa gidan baya, ya riƙa tafiya a karkace kamar ƙaguwa, yana taka rufin da dunduniya, fuskarsa na kallon titi. A nan ne na ga bayan rigarsa, fara ce, gumi ya jiƙa ta, an yi mata ɗinki a kafaɗa. Goggo ta riƙe baki ta ce, "Wannan bawan Allah uwarsa ta yi tarbiyya."

Wani abu ya riƙa faruwa da ni ina wannan buge-buge. Tun rasuwar maigidana ban ɗaga ido na dubi gidan ba, ƙasa kawai nake kallo. Ran nan dole ta sa na duba. Na ga gindin katanga inda yake shafe makuba duk rani, ni kuma in yi ta mitar warinta. Na ga sawun yatsunsa a jikin yaɓen, inda ya lallaɓa da hannu. Daga waje na ji mai dubawar yana ce wa Yaya, "Wannan katangar an yi mata gata."  Na tsaya kaɗan, sannan na ci gaba da bugawa.

Suka yi azahar, na aika musu da tuwo da miyar busasshen kifi. Bayan sun ci sai mai dubawar ya zo kan maganar da na san tana tafe. "Uwargida, ruwan kogi ya taɓa shigowa gidan nan?"

Na ce ya taɓa, sau ɗaya, shekarar babban ruwa. Ta rariyar katangar baya ya shigo, ya malalo tsakar gida iya idon sawu, ya zo ya tsaya bai kai shago ba. Maigidana ya kafa turke a daidai inda ya tsaya, daga baya ya ɗaga rariyar ya yi wa katangar dakali. Turken yana nan, a jikinsa nake ɗaure igiyar shanya.

Ya ce, "Madalla da mai turke. To shi za mu auna." Yana da ma'auninsa na ƙarfe mai naɗewa, amma lambobin boko ne a jiki, ni kuwa a lokacin ban san su ba, sai daga baya na shiga ajin yaƙi da jahilci. Sai ya ce a bar ma'auni, mu yi da kamu, wato daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsa, yadda kowa ke auna ƙyalle. Shi zai auna tsawon tsakar gidan ta waje, daga kusurwar baya zuwa inda shago ya fara. Ni in auna ta ciki, daga katangar baya zuwa turke, sannan daga turke zuwa bangon shago.

Na durƙusa na bi ƙasa da hannuna, ina yi ina zana alama da yatsa. Na ce daga katanga zuwa turke kamu ashirin. Daga turke zuwa shago kamu biyar.

 Daga waje sai mai dubawar ya ce, "Uwargida, ni duka tsawon, daga baya har shago, ashirin na samu."

Ban gane ba da farko. Yaya ne ya gane kafin ni. In tsakar gidan duka ashirin ne, kuma ruwa ya ci ashirin, to ruwa ya taɓa shago ke nan, biyar ɗin nan kuwa daga bakina suka fito. Ya matso jikin katanga ya yi magana a hankali, da muryar lallashi, wadda ta fi faɗa ciwo. "Ƙanwata, na san kina son gidan nan. Ni ma ina son sa. Amma kada ki ƙara masa abin da ba shi da shi. Kina cikin takaba, ki ji tsoron Allah."

Ina durƙushe, ƙasa a gwiwar hannuna. Ga turke ina gani, ga shago ina gani, ga fili a tsakaninsu wanda kaji ke kiwo a kai. Amma saboda takaba babu namijin da zai iya shigowa ya gani, har Yaya, Goggo kuma da aka tambaye ta sai ta ce ita dai ta san akwai turke. Na ce, "Yaya, wallahi abin da na auna na faɗa." Muryata ta fi yadda aka yarda mini ƙarfi.

Mai dubawar ya ce, "Awon da bai haɗu ba, ba zan iya rubuta shi ba. Amma ba a biya ni don in yi sauri ba." Na ji takalminsa yana komawa kusurwar baya. Ya sake aunawa tun daga farko, ina jin yana ƙirgawa ƙasa-ƙasa. Ashirin ya sake samu. Ya sa na sake nawa, ashirin da biyar suka sake fitowa. Ya ce, kamar da kansa yake magana, "Shekarata nawa a aikin nan, ban taɓa ganin gidan da cikinsa ya fi wajensa tsawo ba."  Sannan ya ce, "Uwargida, a gafarce ni. Samu kara ki karya mini daidai kamunki, Goggo ta miƙo."

Na zaro kara daga dangar kaji, na ɗora a hannuna na karya. Goggo ta fita da shi. Can sai dariya ta tashi, irin ta dattijon da abu ya ba shi wahala ya gano bakinsa. "Maigida, zo ka gani! Ɗora a naka hannun. Ka ga inda ya tsaya? Ko yatsu bai kai ba. Gida bai yi ƙarya ba, uwargida ma ba ta yi ba. Hannu ne ba ɗaya ba. Laifina ne da ban tambaya ba tun farko."

Ni gajeruwa ce, kuma hannuna ya fi ni gajarta. Na san haka tun ina yarinya, amma baƙin ciki ya mantar da ni. Da na ji maganar nan sai muryar maigidana ta dawo mini kamar yana tsaye a bakin ɗaki. Farkon aurenmu, matan unguwa sukan shigo ciki su sayi akoko a wurina. Ranar da ya fara ganin ina auna wa wata da hannuna, ya dafe kai ya ce, "Ke, tsaya! In kika ci gaba da wannan, alƙali zai san sunanmu kafin sallah. Ke sayarwa ta karɓe ki, amma kada a kuskura a aike ki saye." Ran nan ya samo reshen kanya ya ɗora a hannunsa, ya yanke daidai kamunsa, ya kankare ya ba ni. Ya ce, "Ga hannuna nan, ki riƙa aiki da shi in ba na gida."

Dariya ta kuɓuce mini, ta farko tun ranar da aka fita da shi. Goggo ta dube ni a tsorace, ta ɗauka wani abu ne ya same ni.

Mai dubawar yana cewa bari ya karya kara daidai nasa hannun a shigo mini da shi. Na ce, "A bar shi, Malam. Ina da abin awo." Sandar tana cikin ƙullin kayan marigayi, tare da hularsa da tasbaharsa, ƙullin da ban iya kwancewa ba tun da na ɗaure shi. Na shiga ɗaki na kwance. Ba zan faɗi abin da ya faru a ɗakin ba. Na dai fito da sandar, ta yi sulɓi saboda shekarun da ta yi a hannu, na durƙusa na sake bin tsakar gidan da ita. Daga katanga zuwa turke sha shida. Daga turke zuwa shago huɗu.

"Ashirin cif," in ji mai dubawar. "Alhamdu lillahi. A miƙo mini sandar in gwada da nawa."

Goggo ta kai. Na ji ya ce daidai take da kamunsa. Sai na ji Yaya ya ce, "Ba ni ita." Goggo ce ta ba ni labarin sauran, don ita ta gani. Ta ce ya naɗe hannun rigarsa ya ɗora sandar daga gwiwar hannu, ta tsaya daidai kan dogon yatsansa, ba ragi ba ƙari. Ya daɗe yana kallonta. Abin da na ji da kunnena shi ne da ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Mu biyun hannun babanmu muka ɗauko." Bayan wani lokaci ya matso katanga ya ce, "Ƙanwata, ki yafe mini." Na ce babu komai, Yaya. Kuma da gaske babu.

Mai dubawar bai tafi ba sai da la'asar ta yi sanyi. Abu biyu ya ce a gyara: in kwashe itacen girki daga jikin bangon shago, a kuma sake indararo ɗaya da ya tsage. Da zai yi sallama ya ce, "Uwargida, na duba gidaje da yawa da idona, ban san su kamar yadda na san wannan ba. Allah ya jiƙan mai shi." Na amsa da amin, a hankali, yadda aka ce in riƙa yi.

Bayan 'yan makonni amsa ta zo daga Kano cewa sun karɓi gidan, kuma abin da suka yanka na shekara mai sauƙi ne, kamfani bai ko yi ƙorafi ba. Kaya suka zauna. Yaya bai sake ta da maganar Kaugama ba. Maimakon haka, duk rani sai ya zo da buhun makuba a kan jaki, ya tuɓe riga ya shafe gindin katanga da hannunsa, ni kuma in yi masa mitar wari, don na lura yana jin daɗin hakan. A gidan nan na aurar da 'ya'yana duka biyu. A cikinsa nake rubuta wannan, turken yana nan, sandar tana rataye a bayan ƙofata.

Mutane kan tambaye ni ko ban ji zafin tunkiyar ba. Na ji, tunkiya ce mai kyau. Amma da duban tsaye aka yi mini, da na rasa gidana da arha, kuma da babu wanda zai yi ƙarya a cikin lamarin, kogin yana nan kowa na gani. Abin da na biya ba bugun bango ba ne ko hawan soro. Na biya ne don mutum ya zauna, in lissafi ya ƙi haɗuwa ya koma ya sake, kafin ya ce wani ya yi ƙarya. Tun daga ranar, in maganata da ta wani suka saɓa, ba na saurin cewa ya ƙara ko ya rage. Nakan fara tambayar kaina da wane hannu ya auna, ni kuma da wanne na auna.